Kwanon da Ya Zo Daga Bakin Teku

Inuwa yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ni nake bi masa. Idan ka tambayi tsofaffin Toranke, 'yan kaɗan ɗin da suka rage, za su ce maka ai shi ne mutumin nan da ba ya buɗe baki sai ya ambaci teku. Gaskiyarsu ne, amma rabin labarin suka sani. Sauran rabin yana wurina, ni Hanne, don da hannuna a ciki dumu-dumu.

Shekarar da aka samu 'yancin kai ya bar gida. Ya bi masu kora shanu zuwa Kurmi, ya ce wa Inna kafin ruwan shuka yana nan. Ruwan shuka ya zo ya wuce har sau tara. Daga Ikko wata ƙafa ta ja shi zuwa Gana, da muke ce wa Gwalkwas a lokacin, ya yada zango a wani gari na bakin teku mai suna Sakondi, ya kama koli: allura, madubi, kwalli, turare. A cikin shekarun nan sau biyu kawai muka ga ƙeyarsa, kuma duk zuwan ko sati uku ba ya cikawa sai ka ga yana ta kallon hanya. Inna ta kwanta ciwon ajali ba ya nan. Ni na yi jinyarta, don a lokacin mijina ya rasu na dawo gida. Kwana goma sha ɗaya duk wanda ya yi sallama a zaure sai ta ce a duba ko Inuwa ne. Wannan abin ya tsaya mini a rai, ba zan ɓoye ba, kuma da shi na yi duk abin da na yi daga baya.

Ba don ransa ya so ya dawo ba, koro shi aka yi. Ƙarshen shekarar sittin da tara hukumar can ta ce duk baƙon da ba shi da takardar zama ya tattara ya bar ƙasa cikin sati biyu. Aka loda su a manyan motoci kamar buhunan gyaɗa. Ya iso Toranke da akwatin ƙarfe ɗaya, ya rame, idanu sun faɗa. Babban yayanmu Datti, wanda shi ne maigida tun rasuwar Baba, ya nuna masa ɗaki, ya nuna masa fartanya, ya ce gandu na jiran hannu. Ni kuwa na yi ta godiya ga Allah a ɓoye. Na ce a raina, ko ta yaya ya dawo ai ya dawo, kuma da yardar Allah ba mai sake ɗauke mana shi.

Sai da ya kwana biyu sannan muka ji cewa ya bar mata a can. Araba sunanta, 'yar ƙabilar masunta ce, Musulma, a unguwar Hausawa aka ɗaura musu aure aka kuma sa mata Kadijatu, amma shi da Araba yake kiranta. Kuma a gabanmu yake kiran sunan, ko kunya babu. Ba ta biyo shi ba don tana da tsohuwa a ɗaki da ba ta iya tashi. Yarjejeniyar da suka yi ita ce ya jira a gida, idan ƙura ta lafa kawunta ya samo masa takardar zama, za ta aiko ta hannun fataken goro, shi kuma ya koma. Saboda haka duk ranar kasuwar Gaya, ko ana ruwa ko ana rana, Inuwa sai ya taka ya je layin 'yan goro ya tambaya ko akwai saƙo daga Gwalkwas. Shi ma ya aika har sau biyu, bai san ko ya isa ba.

Ya iya noma, ban ce masa rago ba. Amma da la'asar idan muka baje gyaɗa a tsakar gida muna ɓarewa, nan ne za ka ga wani Inuwa dabam. Zai fara da rana. Wai ranar can ba ta cizo irin tamu, don iska ce ke tasowa daga ruwa tana shafa mutum. Wai ruwan ba shi da ƙetare, sai ka duba har idonka ya gaji ba ka ga inda ya tsaya ba, kuma ba ya yin shiru ko na minti ɗaya, ya zo da gudu ya fashe a kan yashi ya koma. Na ce masa to ruwan da ba a sha, ba a wanki da shi, ba a ban-ruwan albasa da shi, amfaninsa me? Ya yi dariya ya ce ai shi ya sa ake son sa, ba ya sa mutum aiki.

Ranar Lahadi ce ranarsa. Mutanen garin duk suna fitowa bakin ruwa shan iska, shi kuma sai ya rataya kayan kolinsa ya bi yashi daga wannan ƙarshe zuwa wancan, takalmi a hannu. Ya san rumfunan abinci ɗaya bayan ɗaya kamar yadda na san gidajen unguwarmu. Akwai rumfar wata tsohuwa mai soya ayaba irin manyan nan da citta da barkono. Gaba kaɗan akwai gurgu mai sare kan kwakwa da adda sara ɗaya, ya miƙa maka ka kafa kai. Akwai masu doya da manja, akwai masu gasa masara. Can kusa da inda masunta suke jan taru suna waƙa, su talatin a igiya ɗaya, nan rumfar Araba take, a ƙarƙashin bishiyar kwakwa biyu da suka sunkuya. Kifi daga kwalekwale sai cikin kasko, yana motsi. A ci shi da dokunu, wani tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ganye, da niƙaƙƙen barkono da albasa da tumatir a gefe.

Yadda suka haɗu ma abin dariya ne. Ka san namu, babban mutum ba ya cin abinci a bainar jama'a. Inuwa ya daɗe yana wucewa ta gaban rumfar yana haɗiyar yawu, ga shi kifi ne abin da ya fi yarda da shi a garin tunda ba sai an tambayi wanda ya yanka ba. Ran da yunwa ta ci ƙarfinsa ya saya ya zagaya bayan wani tsohon kwalekwale ya tsuguna yana ci yana waige-waige kamar wanda ya sato. Ita tana kallon sa. Lahadin da ta zagayo ya tarar ta ɗaura zani a kusurwar rumfar ta ajiye benci a baya, ta nuna masa da hannu, don a lokacin ba ta jin Hausa shi ba ya jin nasu. Ya ce barkonon ya sa shi hawaye shaɓe-shaɓe, ita kuma tana ta dariya a ɗaya gefen zanin. Bayan sun yi aure, ranar Talata, da masunta ba sa fita ruwa, sai ta rufe rumfa su bi gaɓa su biyu zuwa ƙauyukan da ke gaba, su ci abincin wasu, tana kushe miyar kowa.

Ina sauraro, ina dariya inda ya kamata, amma labarin haushi yake ba ni. Don idan ya gama wannan labarin na kawo masa tuwon dawa da miyar kuka da na ɓata yini a kai, loma uku zai yi ya ce alhamdu lillahi. Wani lokacin in aika a kira shi a ce yana can bakin kududdufin bayan gari a zaune, yana kallon ruwan da awaki ke sha. Mutum da hankalinsa. Mata a bakin rijiya suka fara cewa ai matan Kurmi a abinci suke bai wa namiji, idan ya ci shi ke nan sai yadda suka yi da shi. Da farko na yi musu tsawa. Daga baya ni da kaina na fi su yarda.

Saƙon ya zo da kaka, wata goma bayan dawowarsa. Allah da ikonsa, ranar zazzaɓi ya kwantar da Inuwa, Datti ne ya je kasuwa. Wani ɗan goro ya tsayar da shi ya miƙa masa ƙunshi, ya ce daga Kumashi aka ba wani, wani ya ba wani a Kano, abin da ya sani kawai a kai wa Inuwa na Toranke daga matarsa. Datti bai shiga da shi ɗakin Inuwa ba. Ya kira ni bayan rumbu muka kwance. Kwanon samira ne mai murfi, an ɗaure shi tam da zani mai shuɗi. A ciki kifi banda ne jere, da ƙullin barkono. A ƙarƙashin kifin muka tarar da takarda an ninke ta ƙanana, an naɗe ta da zare har ba a ganin farinta, sak yadda malamai suke naɗe laya. A jikinta an ɗaure wani ɗan tsumma. Na kwance tsumman da tsinke, sai ga gashin mutum, baƙi, mai laushi.

Abinci, laya, da gashi, kuma daga hannun mace, kuma zuwa ga mutumin da hankalinsa ya riga ya tafi. Ko yaron goye aka nuna wa a Toranke zai ce kiranye ne, asirin da ake yi wa mutum ya tashi ya bar garinsu ya bi mai kira ko takalmi bai tsaya ɗauka ba. Datti ya yi karatun allo, da ya warware zaren da ya karanta. Amma wa yake buɗe laya? Ya ce ko dai mu kai wa Liman ya duba. Ni na hana. Na ce idan magana ta je gidan Liman ta fita gari, idan ta fita gari ta dawo kunnen Inuwa, idan kuwa ya ɗora ido a kan kwanon nan mun rasa shi. Na ce masa, "Yaya, Inna ta mutu tana kiran sa bai zo ba. Wannan kira ɗaya za ta yi ya tafi." Datti ya ɗauki fartanya. A gindin wata kuka can ƙarshen gonarmu muka binne shi da zaninsa da komai, muka wanke hannu da toka.

Inuwa ya warke ya ci gaba da zuwa layin 'yan goro. Ɗan goron da ya kawo saƙon baƙo ne, bai sake zuwa kasuwar ba. Duk ranar kasuwa ina ganin dawowar yayana, daga yadda yake jan ƙafa na san amsar da ya samu, in tare shi da ruwa in ce sannu da hanya. Na iya wannan sannun, Allah ya yafe mini. Shekara ta biyu ya rage zuwa, sai sati biyu ko uku. Shekarar da aka sauya kuɗi aka kuma yi farin nan da ya kashe shanu, ya daina gaba ɗaya. Labarin Lahadi ma ya ɗauke. Ya koma cin tuwo har ya suɗe kwano, ya yi noma kamar zai kashe kansa, a farin nan shi ya riƙe gidanmu da haƙar rijiya da dakon itace. Muka ce to, asiri ya karye. Datti ya nemo masa aure har sau biyu, ya ce a yi haƙuri yana da mata. Ban da wannan ba ya musu da kowa a kan komai. Ni na san ba warkewa ya yi ba, mutum ne aka kashe wa fitila, amma na fi son in gan shi haka a gabana da in rasa shi.

A shekara ta shida wani mutumin Kademi mai suna Bala, wanda tare aka koro su a mota ɗaya, ya samu hanya ya koma Sakondi ɗauko kayansa da ya bari. Da ya dawo ya zo takanas ya gai da Inuwa. Da hantsi ne, ina tsakar gida ina surfe, ina jin muryoyinsu a zaure sama-sama. Daga baya na ji abin da Bala ya faɗa. Ya ce ya ci kifi a rumfar Araba, tana nan ba ta yi aure ba, tsohuwarta ta rasu. Ya ce akwai yarinya 'yar shekara biyar tana ɗauko mata ruwa, kamar Inuwa ya yi kaki ya tofar. Ashe da ƙaramin ciki ya bar ta, ita kanta ba ta sani ba. Ranar bakwai aka yanka rago aka yi aski, amma ta hana a raɗa suna, ta ce uban yarinya yana da rai, shi zai zaɓa. Ta sa limamin unguwar Hausawa ya rubuta wasiƙa, aka haɗa da takardar zaman da kawunta ya samo, aka naɗe da zare don kada man kifi ya ɓata, aka sa a kwanon kifi aka ba fataken goro tun kakar farko. Gashin kuwa na askin sunan ne, don uba ya ga gashin 'yarsa. Ta jira shekara, ta jira biyu. Saƙonninsa ko ɗaya bai isa ba. Ba ta sake aikowa ba, ta ce wanda aka aika wa gashin 'yarsa ya yi shiru ai ya gama magana. Yarinyar kuwa har ranar da sunan ranar haihuwa ake kiran ta, Efuwa, wato Jummai a bakinsu.

Na ji Bala ya yi sallama ya tafi. Inuwa ya shigo, ya tsaya a gaban turmi. Bai ɗaga murya ba, da ma ba halinsa ba ne.

"Hanne, shekarar da na yi zazzaɓi da kaka, an kawo wani kwano gidan nan?"

Da na so da na ce ban sani ba, kuma da ya yarda, don Datti yana gona. Taɓaryar ce ta yi mini nauyi a hannu. Na ajiye ta na faɗa masa komai, har da cewa Datti ya so a kai wa Liman ni na hana. Na faɗa masa dalili. Na ambaci Inna, ina kuka, ina so ya zage ni ko ya ɗaga hannu in samu sauƙi.

"Na san kin sha wahalar Inna ke kaɗai," ya ce. "Amma ita yarinyar me ta yi miki? Shekara biyar tana yawo ba suna kamar marar uba."

Bai tambayi inda muka binne ba, bai je ba. Da Datti ya dawo suka zauna a zaure, ban ji abin da suka ce ba, na dai ga Datti ya fito yana share ido da bakin riga. Inuwa bai tafi a ranar ba, kuma wannan ya fi komai ci mini rai. Gero yana gona bai nuna ba, sai ya tsaya aka yi girbi, aka ɗaure dammuna aka zuba a rumbu, ya gyara dangar da ta faɗi. Sati shida yana cin tuwona yana cewa an gode, yana gaishe ni da safe kamar yadda ake gai da matar maƙwabci. Ran da zai tafi na soya masa gyaɗa na daka masa ƙuli-ƙuli na hanya. Ya karɓa. Na raka shi har bakin hanyar Gaya, na ce yaushe za mu sa ido. Ya ce sai yadda Allah ya yi.

Damina ta zo ta wuce ba labari. Na koma ni ce mai aikawa layin 'yan goro duk ranar kasuwa, har suka san ni da matar nan ta Toranke mai jiran saƙon Gwalkwas. A lokacin na san irin abin da na ɗora masa, don jiran da ba ka san ranar ƙarewarsa ba ya fi ciwo cin jiki. Na rasa barci, na rasa ɗanɗanon abinci. Na kama kaina ina so a ba ni labarin rumfar nan da bishiyoyin kwakwa biyu, ni da nake toshe kunne a da, amma babu mai ba ni.

Bala ne ya sake kawo labari, bayan shekara ɗaya da rabi, don shi ya kama fatauci tsakanin can da nan. Ya zauna a zaure, na tsuguna daga bakin ƙofa. Ya ce Inuwa ya isa lafiya. Araba ta yi wata guda ba ta yi masa magana, daga baya ta sauko. Yanzu shi ke tarbo kifi daga masunta da safe ita tana suya, ya yi ƙiba, ya koma surutunsa na da. Ya ce yana gai da Datti da kowa da kowa. Na tambaya ko ya ce wani abu game da zuwa gida, Bala ya sunkuyar da kai ya ce bai ambata ba. Na tambaya ko ya ba da wani saƙo nawa ni kaɗai. Ya ce ɗaya ne, wai a gaya mini an tara mutane an raɗa wa yarinya suna.

Na ce, "Sunan Inna ya sa mata ko?"

Bala ya ce, "A'a. Hannatu ya sa mata. Hanne suke kiran ta."

Har yau ban san ko yafe mini ya yi ba ko kuwa so yake kada in manta. Na yi abin da takwara take yi, na aika da zani da 'yan kunne da kwalli, duk shekara ina aikawa muddin akwai mai tafiya. An ce tana ɗaurawa tana murna. Datti ya rasu, Inuwa ya aiko da ta'aziyya bai zo ba. Ban taɓa ganin yarinyar ba, ban taɓa ganin tekun ba, kuma yanzu ƙafata ko Gaya ba ta kai ni. Bala ya ce idan yarinyar ta yi nisa wajen ruwa, uban yakan fito daga rumfa ya tsaya a kan yashi yana ƙwala mata kira har sai ta juyo. Kullum yayana yana kiran sunana a bakin teku, sau goma ko fiye, amma ba ni ce nake amsawa ba.